Wutar Jin Ɗumi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni: A Ba Hayaƙi Hanyar Fita

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona kuma watan Nuwamba ya raba, sai iska ta juya ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, hazo ya lulluɓe birnin Kano, hunturu ya kankama. Mafi yawan ƙurar da ke tafe da wannan iska daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, wurin da masana suka tabbatar babu kamarsa a duniya wajen tashin ƙura. Da rana ma'aunin zafi yakan kai daraja 30, amma kafin asuba, musamman cikin Disamba da Janairu, sai ya sauko zuwa 13 ko 12, wani daren ma ya kasa 10. Mutumin Ingila zai yi dariya in ya ji an kira wannan sanyi. Amma ga magidancin da ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano, da bargo ɗaya, ga yara ƙanana suna tari, ɗari ne na sosai.

Duk wanda ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi da almuru a irin wannan lokaci, ko ya ratsa ta kasuwar Tarauni zuwa Unguwa Uku, zai ga wuta jefi-jefi a bakin titi, masu gadi da masu shayi da almajirai sun kewaye ta suna miƙa hannu. Wannan wuta ba ta da wata illa mai yawa, domin a fili take, hayaƙinta sama yake tafiya. Wutar da ta kamata a yi magana a kanta ita ce wadda ba a gani daga titi, watau garwashin da uwargida ke kwashewa daga murhu bayan an sauke tuwo, ta zuba a kasko ko a kurfoti, ta shiga da shi ɗaki, ta ja ƙofa ta rufe.

GIDA YA SAKE, WUTA BA TA SAKE BA

Shiga da wuta ɗaki tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Iyaye da kakanni sun yi ta, har ma sun ƙago mata dabaru. A ƙauyuka da yawa akan gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashinsa, a zuba garwashi a ciki, tsoho ko mai jego ya kwanta a kai ya kwana da ɗumi. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun bayyana irin wannan gado cikin rahoton da suka buga a 1978, sa'ad da suke binciken ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

To amma ɗakin da aka yi wannan al'ada dominsa dabam yake da ɗakin yanzu. Soron tubali bangonsa mai kauri ne, rufinsa azara ce da ƙasa. Yakan yini yana shan rana, da dare kuma ya riƙa sakin ɗumin sannu a hankali, saboda haka wuta kaɗan ta ishe shi. Ɗakin ciyawa kuwa hayaƙi yakan bi ta jinka ya fice, har kunkunniyar da ya bari ta kori gara da ƙwari. Ƙofa kuma asabari ne ko tufaniya, iska na shiga tana fita. Hayaƙin yana sa hawaye, yana cin ƙirji a hankali, amma ba kasafai yake taruwa har ya kashe mutum cikin dare ɗaya ba.

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kuwa unguwanni ne na sabon gini. Tun da aka kafa Jihar Kano cikin 1967, kuma kuɗin man fetur ya shigo cikin shekarun 1970, birni ya yi ta tafiya kudu da gabas, ya haɗiye ƙauyuka da gonaki irin su Darmanawa da Daurawa da Hotoro da Unguwa Uku. Gwamnati ta gina gidajen Kundila, ma'aikata da 'yan kasuwa suka sayi filaye, masu hali suka gina gidajen haya. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da 220,000 a Ƙaramar Hukumar Tarauni. Galibin waɗannan gidaje na bulon siminti ne mai rami, inci shida ko tara, da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe, da tagar gilashi.

Irin wannan ɗaki yana da aibi biyu a lokacin ɗari. Na farko, ba ya riƙe ɗumi: kwano yakan yi zafi da rana kamar tanda, rana na faɗuwa ya huce, kafin tsakar dare ɗakin ya zama randa. Na biyu, ba ya sakin iska, balle ma da yake saboda ƙura akan toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, a liƙe kafofin taga da leda. Sakamakon haka shi ne ɗumi yana ficewa ta rufi, guba kuwa tana zama a ciki. An gina gidan zamani, an shigar masa da wutar soro da bukka, ba a yi mata hanyar numfashi ba.

GUBAR DA BA TA DA WARI

Abin da ke yaudarar jama'a shi ne zaton da ake yi cewa in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to babu sauran haɗari. Gaskiyar al'amari ita ce a daidai wannan lokaci ne haɗarin ya fi tsanani. Duk abin da ke ci da wuta, in bai sami isasshiyar iska ba, yakan fitar da wata iska mai guba wadda masana kimiyya ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Gawayi yana fitar da ita da yawa, haka ma injin janareta.

In mutum ya shaƙe ta, sai ta shiga jini ta manne wa sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki, kuma ƙarfin mannewarta ya ninka na iskar kirki fiye da sau 200. Da haka jini zai ci gaba da gudana amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Alamun farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Wanda ke farke yana iya jin jikinsa ba daidai ba ya fita waje. Wanda ke barci kuwa babu abin da zai tashe shi. Daga barci sai suma, daga suma sai abin da Allah ya yi. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi da masu ciwon zuciya su ne suka fi saurin galabaita.

Akwai wata alama da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. In mutanen ɗaki ɗaya suka wayi gari dukansu da ciwon kai ko amai, sa'an nan suka ji sauƙi bayan sun fito tsakar gida, to kada a fara zargin abincin jiya ko iskokai ko sammu, a dubi kaskon da ya kwana a ɗakin. Wanda aka tarar ya suma, abin yi shi ne a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da shi fili nan take, a garzaya da shi asibiti, domin maganin wannan guba shi ne iskar oksijin da likita ke sa wa majinyaci. Ɗura manja ko madara a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya fitar da gubar, sai dai ya shaƙe shi. Mutanen wannan yanki sun yi dace, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa cikin 1988, yana nan kusa da su a kan Titin Zariya.

Ban da wannan kisa na farat ɗaya, akwai na sannu a hankali, watau hayaƙin da ake shaƙa yau da gobe a kicin da ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon huhu na yara da tarin da ba ya warkewa na mata masu girki suna cikin manyan hanyoyin da wannan asara ke biyowa.

YADDA WASU SUKA WARWARE MATSALAR

Ƙasashen da sanyinsu ke kai wata biyar ko shida tilas ta sa suka nemi mafita tun da daɗewa, kuma duk mafitar tasu a wuri ɗaya ta haɗu: a kulle wuta cikin akwati, a ba hayaƙi bututu, a bar ɗumi kaɗai ya shigo ɗaki. Mutanen arewacin ƙasar Sin suna da gadon tubali da suke kira kang, wanda ya yi kama ƙwarai da gadon ƙasa na Hausawa, sai dai su hayaƙin murhun girkinsu ne ke bi ta cikin gadon, ya ɗumama shi, sa'an nan ya fita ta bututu a bayan ɗaki. Da itace ɗaya an yi girki, an kuma kwana da ɗumi. A Amurka, Benjamin Franklin ya ƙera murhun ƙarfe wajen 1742, ya kuma ƙi karɓar takardar mallakar ƙirar domin kowa ya amfana.

A zamanin nan ma an gwada abin a aikace. Tsakanin 1982 da 1992 gwamnatin Sin ta sa an kafa ingantattun murahu kimanin miliyan 129 a gidajen karkara. A ƙasar Gwatamala kuma an yi wani bincike da aka buga cikin 2011, inda aka raba wa wasu gidaje murhu mai bututu, aka bar wasu da wutar gargajiya. Hayaƙin da yaran gidaje masu bututu suka shaƙa ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kano ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Maƙera da masu walda da ke ƙera ƙofofi da tankunan ruwa da tukwanen gasa burodi ba za su kasa ƙera akwatin wuta da bututu ba. Abin da ya rage shi ne sanin ƙa'idojin kafawa, domin murhun da aka kafa ba daidai ba ya fi kasko haɗari, tun da mai shi ya saki jiki da shi.

ƘA'IDOJIN KAFAWA

Abu na farko shi ne wuri. Falo ko zaure ya fi dacewa da murhu, ɗakin barci kuwa a bar shi ya sami ɗumi ta ƙofa. Wanda ke zaune a gidan haya sai ya nemi yardar mai gida, gama aikin ya ƙunshi huda rufi ko bango.

Na biyu, jikin murhun. A yi shi da farantin baƙin ƙarfe mai kauri, a jera gasasshen bulo a cikinsa domin ya riƙe zafi kuma ƙarfen ya daɗe. A guji farin kwano irin na rufi da na bokiti, saboda abin da aka shafe shi da shi yana fitar da tururi mai cutarwa in ya sha wuta. Haka kuma a guji durom da aka taɓa zuba fenti ko maganin ƙwari a ciki. Ƙofar murhun ta riƙa rufuwa ruf, da 'yar kafa a ƙasanta wadda za a iya buɗewa ko ragewa gwargwadon iskar da wuta ke bukata.

Na uku, abin da ke kewaye da shi. A ɗauke ledar ɗaki da kafet daga wurin, a girke murhun a kan siminti tsura ko jeren bulo wanda ya zarce bakinsa da ƙafa ɗaya da rabi, domin garwashin da zai faɗo. Ƙa'idar da masu kashe gobara na Amurka suka shimfiɗa ita ce a bar tazarar ƙafa uku tsakanin murhu da duk abin da ke iya kamawa da wuta, watau kujera da katifa da labule da akwatin tufafi. Inda akwai yara masu rarrafe, a kewaye shi da shingen ƙarfe.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, bututun hayaƙi. Faɗinsa ya zama daidai da bakin da aka yi masa a jikin murhu, galibi inci shida, kada a tsuke shi a hanya. Ya miƙe sama sosai, gama kowace kwana tana rage masa ƙarfin zuƙa. Wajen haɗa gaɓoɓinsa, a riƙa cusa bakin na sama cikin na ƙasa, domin baƙin ruwan da ke tsatsafowa ya gangara cikin murhu maimakon ya zubo ta waje. Wurin da ya fi kawo gobara shi ne inda bututu ya ratsa silin da katakon rufi. A nan sai a yi masa riɓi biyu, bututu cikin bututu da abin tare zafi a tsakani, a kuma yanke silin da katako a nisanta su da shi. Silin na roba, wanda ya yawaita a sababbin gidaje, narkewa yake yi ya kama, saboda haka a irin wannan ɗaki gara a fitar da bututun ta bangon bulo sa'an nan a miƙar da shi sama. A waje, bakinsa ya ɗara wurin da ya huda rufi da ƙafa uku, ya kuma ɗara duk wani gini da ke tsakanin ƙafa goma da shi da ƙafa biyu. In bai kai haka ba, iskar hunturu za ta riƙa mayar da hayaƙi ɗaki, ko ta tura shi tagar maƙwabci, abin da ke da sauƙin faruwa a lungunan da gidaje suka matsu da juna. A ɗora masa hula saboda ruwan sama da tsuntsaye.

Na biyar, iskar shiga. Bututu ba ya zuƙa sai in ɗaki yana samun iskar da za ta maye gurbin wadda ta fita. Don haka tilas a bar kafa ɗaya a buɗe, ko da ƙarƙashin ƙofa ne. Kafin a fara aiki da murhun, a ƙona 'yar takarda a ciki a duba: in hayaƙinta ya bi bututu, aiki ya yi; in ya dawo ɗaki, akwai gyara. Mai hali kuma ya sayi 'yar na'urar nan mai aiki da batir wadda ke yin ƙara in gubar ta taru a ɗaki.

ITACE DA HURA WUTA

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In aka sa shi a wuta, zafin da ya kamata ya ɗumama ɗaki sai ya ƙare wajen ƙafar da wannan ruwa, a sami hayaƙi mai yawa da ɗumi kaɗan. Masana sun ce itacen wuta bai kamata ruwan da ke jikinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba. A nan Kano ta yi sa'a, domin bushewar iskar rani tana aikin da a Turai sai an shekara ana jira. Abin da ake bukata kawai shi ne a faskara itacen da wuri, a jera shi bisa duwatsu ko bulo inda iska ke ratsawa. Busasshe ana gane shi da rashin nauyi, da tsagewar bakinsa, da ƙarar da yake yi in an buga biyu. Marke da ƙirya da tsamiya suna da nauyi, suna daɗewa suna ci, suna barin garwashi mai kyau. Darbejiya da turare ma suna yi in sun bushe. Kara kuwa na kunna wuta ne, ba ya riƙe dare.

Ƙaramar wuta mai ci sosai ta fi babbar wuta mai turnuƙewa. In mutum ya fita waje ya ga baƙin hayaƙi na fita daga bututunsa, to ko itacen ɗanye ne ko iska ta yi wa wutar kaɗan. Kada a kuskura a zuba kananzir a kan wuta mai ci, fetur kuwa ko kusa da ɗakin kada ya zo. Leda da tsohuwar taya da katako mai fenti da ragowar allon kafinta mai gam duk guba suke fitarwa. Haka nan kuskure ne a cika murhu da itace a toshe masa iska domin wai ya kai asuba; wannan ita ce hanyar tara guba da kwalta. Gara a hura wuta sosai da magariba, bulon da ke ciki ya sha zafi, a bar ta ta cinye kafin a kwanta.

Wannan kwalta da hayaƙi ke bari a cikin bututu tana kamawa da wuta in ta taru, har bututun ya yi ja ya kunna rufi. Saboda haka a kwance shi a kankare a ƙarshen kowane hunturu, a kuma sake dubawa kafin na gaba, domin cikin wata tara da ya yi a zaune tsuntsu ko zanzaro na iya yin gida a ciki. Toka kuma a kwashe ta cikin bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye a tsakar gida, gama rushi yakan kwana biyu ko fiye da ransa a cikin toka, kuma sau da yawa daga juji gobara ke tashi.

INA ITACEN ZAI FITO?

Mai karatu yana da damar ya tambaya ko ya dace a ƙarfafa ƙona itace a jihar da hamada ke barazana gare ta, wadda kuma ta sha farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Tambaya ce mai nauyi. Wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore da J. A. Falola, sun yi bincike a kan itacen wuta na Kano, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga cikin 1990. Sun gano cewa manoman da ke kewayen birni ba sa ɓarnar itatuwan gonakinsu, sassabe rassa suke yi su ɗoro wa jaki su kawo birni, itacen kuma ya sake tofo. Ɓarnar tana can dazuzzuka masu nisa, inda manyan motoci ke zuwa su yi lodi, babu mai su balle ya hana.

Tun daga lokacin bukata sai ƙaruwa take yi. Ƙarancin kananzir na shekarun 1990 shi ya haifar da murhun nan da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar rayuwa ta sa gidaje da yawa, har da na ma'aikata, suka koma ga gawayi. Shi kuwa gawayi, yadda ake ƙona shi a gargajiyance, kilo ɗaya yakan ci itace kilo biyar zuwa goma. Murhun duwatsu uku ma asara ne, domin abin da ke kaiwa ga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin ba.

An yi ƙoƙarin rage wannan asara. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa cikin 1982, ta ƙera murahu masu tsimin itace. A Jamhuriyar Nijar an yaɗa wani na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi cikin shekarun 1980. Akwai kuma Save80, wanda masu shi suka ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Sai dai a lura, duk waɗannan na girki ne, don haka shiga da wanda ba shi da bututu ɗaki a rufe ƙofa daidai yake da shiga da kasko.

Amsar tambayar ita ce murhu mai bututu zai biya kuɗinsa ne kawai in ya yi aiki biyu ko uku da itace ɗaya. In samansa shimfiɗaɗɗe ne, ana iya ɗora tukunyar miya da ta ruwan wankan asuba a kai, a huta da hura wata wutar a tsakar gida, a kuma huta da hitar lantarki da ake tsomawa cikin bokiti, wadda ita ma ta sha jawo gobara a gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai. Wanda zai yi sabon gini kuwa yana iya sa murhun a kicin, jikin bangon da ya raba shi da ɗakin yara, bangon ya sha zafi ya riƙa saki cikin dare.

WANDA BA SHI DA HALI FA?

Sanyin Kano mai tsanani bai fi mako takwas zuwa goma ba, kuma ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci mai ɗaki ɗaya a gidan haya ba zai iya wannan hidima ba. Shi abin da ya fi masa shi ne ya ɗumama jiki da shimfiɗa, ya bar wuta a waje. A sa wa yara hula da safa, a shimfiɗa tabarma ko kwali a ƙarƙashin katifar da ke ƙasa, gama siminti yana zuƙe ɗumin jiki. A gasa bulo ko dutse a murhun tsakar gida, a naɗe shi da tsumma mai kauri a sa wajen ƙafafu, ko a cika jarka mai ƙwari da ruwan ɗumi a ɗaure bakinta da kyau. A buɗe taga da rana ɗaki ya sha hantsi, a rufe da la'asar. In kuwa ya zama dole a shiga da kasko, to a bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Araha ce.

Akwai aiki a gaban hukumomi. Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano takan yi gargaɗi kowane hunturu, amma gargaɗin ya fi karkata ga harshen wuta, alhali gubar da ba ta da harshe ita ma tana bukatar a ambace ta da sunanta a rediyo, da Hausar da kowa zai gane. Kwalejojin koyon sana'a da Kwalejin Fasaha ta jiha suna iya fitar da ƙira ɗaya tabbatacciya, mai awo, a koya wa masu walda. Hukumar tsara birane tana iya duba batun kafar iska a ɗakunan haya kafin ta sa hannu a kan zanen gini. Masu unguwanni da limamai kuma maganarsu tana isa cikin gida inda jarida ba ta kaiwa.

Amma kafin hukuma ta motsa, hukuncin yana hannun maigida da uwargida, domin su ne ke rufe ƙofa da dare. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wutar da za ta kwana a ɗaki, a tabbata hayaƙinta yana da hanyar fita. Wadda ba ta da ita kuwa, a bar ta ta kwana a tsakar gida.